HAWAN DUTSEN KAMARU: AMSA GA MALAMIN ROGO

Zuwa ga Edita.

Ina roƙo ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, domin in amsa wata takarda da ta iso mini daga wani malamin makaranta na ƙasar Rogo. Malamin ya ce shi da 'yan'uwansa malamai sun yi shawara su haɗa kuɗi su tafi hawan dutse a hutu mai zuwa, amma dattawan garinsu sun yi musu dariya, suna cewa me mai hankali zai nema a bisa dutse in ba akuyarsa ce ta ɓata ba? Ya ji labari na taɓa hawan Dutsen Kamaru, shi ya sa ya ke tambaya ko abin ya cancanci wahalar, da kuma yadda a ke shirya shi. To Malam, ga abin da na gani. Kai da dattawan naku sai ku auna.

Da fari sai ku san girman abin da mu ke magana a kai. Dutsen Kamaru tsawonsa ƙafa 13,255 ne, watau mita 4,040, kuma babu wanda ya kai shi a duk wannan sashe namu na yammacin Afirka. Wanda ya fi kowane tsawo a Nijeriya, watau Chappal Waddi na Jihar Taraba, mita 2,419 ne. Kan Dala da mu ke alfahari da shi bai cika mita 550 daga bakin teku ba, kuma mafi yawan wannan ma tudun ƙasar Kano ne kanta. Shi kuwa na Kamaru gindinsa a cikin ruwan teku ya ke, ba wani tudu da ya ɗora shi, saboda haka duk tsawon nan da ƙafa a ke biyansa. Dutse ne mai aman wuta, kuma bai mutu ba, gama ya yi aman a 1909 da 1922 da 1954 da 1959 da 1982 da 1999 da 2000.

Mu tara muka tafi, a watan Janairu na 1916 in ji mai wasa, amma gaskiyar magana 2016 ne: akawuna uku, malaman makaranta huɗu, malamin asibiti ɗaya, da wani ɗan kasuwa mai 'yan'uwa a unguwar Hausawa ta Kumba. Kafin mu bar Kano muka bi al'adar fataken da, waɗanda su ke zuwa Gwanja sayen goro. Su ba su tashi sai sun naɗa madugu, da jagaba mai wucewa gaba ya duba hanya da zango. Mu ma muka naɗa babbanmu madugu, wani malami mai shekara hamsin da 'yan kai, siriri, mai ƙarancin magana, muka ɗauki alkawari a gabansa cewa in mun hau dutse maganarsa ita ce yankan hukunci. A lokacin wasa muka ɗauki abin. Za ku ji inda ya yi rana.

Muka bi ta Makurdi da Ogoja da Ikom, muka ƙetare gadar Mfum, muka ratsa Mamfe da Kumba, a rana ta uku muka sauka Buea. Wannan gari a jikin dutsen ya ke, wajen mita 900 daga bakin teku, kuma yana da labarin da ya kamata kowane malami ya sani, gama ya taɓa zama ƙasa ɗaya da mu. Masu garin su ne Bakweri. A 1891 Jamusawa suka kawo musu yaƙi, sarkinsu Kuva Likenye ya kore su, har shugaban rundunar mai suna Gravenreuth ya mutu a wurin. Sai a 1894 suka komo suka ci garin. A 1901 suka mai da shi babban birnin mulkinsu saboda sanyinsa, kuma gidan da Gwamna Puttkamer ya gina yana nan tsaye. Bayan yaƙin duniya na farko wannan yanki ya faɗa hannun Ingila, aka riƙa mulkinsa tare da Nijeriya. Dokta Endeley, Firimiyan farko na Kudancin Kamaru, ɗan Buea ne. Ranar 11 ga Fabrairu 1961 aka jefa ƙuri'a, na kudu suka zaɓi Kamaru, na arewa suka zaɓe mu, su ne aka kira Lardin Sardauna.

Ba a hawan dutsen sai da takardar izini da ɗan jagora, domin tun 2009 gwamnati ta keɓe shi ya zama gandun da a ke tsaro. Muka ɗauki ɗan jagora ɗaya da 'yan dako huɗu, dukansu Bakweri, muna magana da su da Turancin buroka. Babban kayansu ruwa ne. Wannan ya ba mu mamaki ƙwarai, gama an gaya mana a gefen dutsen na yamma akwai wani ƙauye Debundscha inda ruwan sama ya kan kai inci 400 a shekara, alhali mu a Kano inci 35 ko kusa da haka mu ke samu mu yi godiya. Dalilin yawan ruwan shi ne, iskar nan ta kudu maso yamma wadda ta ke kawo mana damina, in ta taso daga teku da nauyinta sai ta ci karo da dutsen, ta hau, ta yi sanyi, ta zubar da kayanta nan take. To me ya kawo ɗaukar ruwa? Ɗan jagora ya ɗauki wani baƙin dutse ya miƙo mini, na ga duk huda ne kamar soso. Ruwa ba ya zama a bisa, nutsewa ya ke yi, sai can ƙasa ya ɓullo ya zama maɓuɓɓuga. Daga zango na fari zuwa sama, abin da ka ɗauko shi za ka sha.

Da hantsi muka wuce gonaki muka shiga kurmi. Jama'a, mutumin da ya tashi tsakanin kuka da ɗorawa da gawo, inda kowace itaciya ta ke tsaye ita kaɗai da inuwarta, ba ya iya kwatanta wannan wuri a zuciyarsa sai ya gani. Rana ba ta taɓa ƙasa. Kowane reshe ya yafa gansakuka, wani tsiro ya hau kan wani, igiyoyi suna reto daga sama. Akwai wani ganye mai kama da gashin jimina wanda ya girma har ya zama itace ya fi mutum biyu tsawo. Ƙasa kuwa baƙa ce, da laushi, tana wari irin na bayan ruwan farko, ko da ya ke rani a ke ciki. Tsuntsaye muna jin su, ba mu ganinsu. An ce akwai giwaye a gefen yamma, mu dai ko kashinsu ba mu gani ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin kurmin wata itaciya ce da su ke kira wotangu, masana kuma suna ce da ita Prunus africana. Ɓawonta a ke kai wa Turai a yi maganin ciwon fitsari irin na tsofaffin maza. Da kuɗi ya shiga cikin abin, sai mutane suka riƙa feɗe ta kewaye, daga gindi har reshe, itatuwa suka yi ta mutuwa a tsaye, har a 2007 ƙasashen Turai suka dakatar da sayenta daga Kamaru na 'yan shekaru. Sa'an nan aka kafa ƙa'ida: a raba jikin itaciyar kashi huɗu, a ɓare kashi biyu masu duban juna, a bar biyu, kada a komo sai bayan shekaru ta warke. Ɗan jagora ya nuna mana wadda aka yi wa haka, tabon ya rufe, tana nan da ranta. Malamin asibitinmu ya dube ni ya ce, "Malam, ka tuna maɗatan bakin hanyar garinmu?" Na tuna. Kowa ya san yadda masu neman magani su ke sassaƙe maɗaci a ƙasarmu har ya bushe. In da za a koya musu wannan dabara ta kashi biyu cikin huɗu, da sun sami maganinsu, mun sami inuwarmu. Ina roƙon malaman daji na ƙasar Karaye su duba wannan magana.

Wajen awa uku muka isa zango na fari, mita 1,850 ko kusa, ɗakin kwano ne da ruwa a kusa. Muka ci ƙuli-ƙuli da dabino muka tashi. Ba mu yi nisa ba sai kurmin ya yanke, kamar an sa wuƙa. Taki ɗaya kana cikin duhu, taki na biyu kana fili, ba kome sai ciyawa da baƙaƙen duwatsu. Daga nan hawan gaskiya ya fara. Hanyar ba ta san kewaye ba, miƙewa ta ke yi sak, wani wuri sai ka haɗa da hannu. In ka ɗaga kai ka ga tudu ka ce shi ne ƙarshe, kana isa sai wani ya leƙo daga bayansa. Samarinmu suka yi gaba suna tsere. Madugu yana baya, taki ɗaya ɗaya, ba ya sauri ba ya tsayawa, yana cewa sannu ba ta hana zuwa. 'Yan dako kuwa da jarka a ka suna wuce mu suna hira.

Kada wannan ya ba ku mamaki. Tun 1973 a ke yin tseren hawan dutsen nan, daga Buea zuwa ƙololuwa a komo, wajen mil 24, kuma gwanayensu su kan gama cikin awa huɗu da rabi ko kusa da haka. Wata mace, Sarah Etonge, ta ci na mata sau bakwai. Abin da mu muka yi kwana biyu muna fama da shi, ita kafin azahar ta gama.

Da la'asar sakaliya muka kai zango na biyu, wajen mita 2,850. Rana na faɗuwa sanyi ya sauko, irin wanda hunturun Kano ba ya ko kama ƙafarsa, gama kowace mita 1,000 da ka hau zafi ya kan ragu da wajen digiri 6. Mai dafa mana abinci ya ɗora shinkafa, ruwa yana ta tafasa, ita kuwa ta ƙi nuna, har aka fara zarginsa da rashin iyawa. Ba laifinsa ba ne. Inda iska ta yi sauƙi ruwa ya kan tafasa tun bai yi zafi sosai ba, a wannan wuri wajen digiri 90 maimakon 100, saboda haka dahuwa ta kan daɗe. Malaman da ke koyar da kimiyya, ga darasi a tukunya. Da dare ya yi muka fita lulluɓe da barguna, muka ga fitilun Buea da Tiko a ƙarƙashin ƙafarmu, can nesa kuma hasken Douala, taurari a sama, taurari a ƙasa. Ba wanda ya yi barcin kirki.

Yanzu na zo ga maganar da ta sa na ɗauki alkalami. Da asuba muka tashi da tocila. Ba mu yi awa biyu ba sai ƙaraminmu, wanda ya fi mu duka ƙarfi, ɗan ƙwallo ne, shi ne kuma ya riga kowa isa zango jiya, ya fara ciwon kai. Can sai amai. Can kuma sai muka ga yana tangaɗi kamar wanda ya sha wani abu. Malamin asibiti ya ja layi a ƙasa da sanda ya ce ya bi, ya kasa bi daidai. Ya ce wannan ciwon tudu ne. A can sama numfashi ɗaya ba ya kawo wa jiki sai wajen kashi shida cikin goma na abin da ya ke kawowa a bakin teku, kuma ciwon ba ya duban ƙarfin mutum, ya fi ma kama mai gaggawa. In ya kai ga tangaɗi, to ruwa yana iya taruwa a ƙwaƙwalwa ko a huhu, mutum ya mutu cikin yini guda. Maganinsa sauka.

Yaron ya ƙi. Ya ce, "Baba, ku bar ni in huta kaɗan. Na tara kuɗin nan wata goma sha ɗaya. In na koma gida aka ce tsofaffi sun hau ni na kasa, ina zan sa kaina?" Waɗansu daga cikinmu suka goyi bayansa, suna cewa a bar shi a zango na uku, ai ya kusa, ya jira mu mu je mu komo. Malamin asibiti ya ce zango na uku ya fi nan tudu, kai shi can ƙara masa ciwo ne. Murya ta fara tashi. Ɗan jagora kuwa ɗaya ne, ba ya rabuwa biyu, ga shi kuma ba a barin marar lafiya da ɗan dako kaɗai wanda ba su jin harshen juna sosai.

Madugu ya bari kowa ya gama. Sa'an nan ya ce, "Kun yi mini alkawari a Kano ko ba ku yi ba?" Muka ce mun yi. Ya ce, "To ɗana, za ka sauka, ni zan kai ka. Malamin asibiti, kai ka bi sauran, kada wani ya sake faɗuwa a sama ba kowa. Ka gaya mini abin da zan duba a hanya." Muka ce, "Haba Malam, kai da ka fi kowa son abin nan? Bari ɗayanmu ya koma." Ya ce in tsaransa ne ya raka shi, za su yi ta gardama a hanya har yaron ya rinjaye shi su juyo, amma shi ba zai yi masa musu ba. Ya karɓi jakar yaron ya rataya, suka juya da ɗan dako ɗaya. Mutumin nan shi ya fara kawo shawarar tafiyar, shekara uku yana maganarta, kuma a cikinmu duka shi kaɗai ne ko haki ba ya yi. Har yau bai ga kan dutsen ba. A ganina, cikin mu tara ba wanda ya yi abin a faɗa sai shi, kuma in da ba mu naɗa shi tun a gida ba, da ƙuri'a za mu yi a gefen dutse, da kuwa masu son a ci gaba sun fi yawa.

Mu bakwai muka wuce zango na uku, wajen mita 3,750. Daga nan ba ciyawar kirki, sai baƙar tsakuwa mai kama da kashin maƙera, ka taka uku ka zame ɗaya. Iska tana neman ta tuɓe wa mutum riga. Taki ashirin, a tsaya a yi numfashi. Wajen ƙarfe goma muka kai. Wurin ɗan tudu ne, ba shi da wani kwarjini, da alama a kafe. Mun yi tsammanin mu hango teku da tsibirin Bioko, wanda a da a ke kira Fernando Po, amma ƙurar hunturu ta rufe ƙasa duka. Ɗan kasuwarmu ya yi dariya ya ce ashe hazon gida ya riga mu zuwa. Ba mu yi minti ashirin ba sanyi ya kore mu.

A hanya ɗan jagora ya gaya mana cewa a wurin kakanninsu dutsen yana da mai shi, Efasa Moto, rabinsa mutum rabinsa dutse, wanda ya yarda baƙo ya ci abin da ya samu a bisa amma kada ya yi guzuri da shi. Na ce masa mu ma littafin tarihin Kano ya ba da labarin Barbushe da Tsumburbura a Dala. Ya ji daɗi ƙwarai. Littattafan Turawa suna cewa Richard Burton da Gustav Mann su ne suka fara hawa, a ƙarshen 1861 da farkon 1862, Mary Kingsley kuma ta hau a 1895. Da na faɗa masa haka sai ya tambaye ni, to wa ya nuna musu hanya?

Sauka ta fi hawa cin gwiwa, kada kowa ya ruɗe ku. Da magariba muka iso zango na fari muka tarar da yaron zaune yana shan shayi, kansa ya sake, sai kunya. Kashegari muka gangara Buea, muka zarce Limbe, garin da Alfred Saker ya kafa a 1858 da sunan Victoria, aka sake masa suna a 1982. Yashin bakin tekunsu baƙi ne, gama garin dutsen ne. Muka je Bakingili muka ga inda narkakken dutse na 1999 ya gangaro ta cikin gonakin kwakwar manja ya yanke hanyar mota, ya tsaya saura kaɗan ya shiga teku. Ya daskare ya zama baƙin tudu ya fi soro tsawo, har ciyayi sun fara tsirowa a kansa.

To Malam, ban ce ku tafi can yanzu ba. Tun 2017 a ke faɗa a wannan yanki tsakanin gwamnatin Kamaru da masu neman ɓallewa, har a Fabrairu 2023 aka tayar da nakiya a hanyar masu tseren, mutane suka jikkata. Ku fara da na gida. Ga Dala da Goron Dutse, ga Kufena a Zariya, ga duwatsun Riruwai a kudancin Kano. Kowanne kuka zaɓa, ku fara aikawa wurin Hakimi ko Dagacin wurin ku ji lafiyar hanya, gama dazuzzukanmu ma ba duka a ke shiga yau ba, ku kuma roƙi a haɗa ku da maharbi ko makiyayi wanda ya san wurin, ku biya shi hakkinsa. Ku naɗa madugunku tun kuna gida, kada ku zaɓi wanda ya fi ku sauri. Mai rauni shi za ku sa a gaba. Kada kowa ya sa sabon takalmi, gama biyu daga cikinmu sun bar farcen ƙafa a Kamaru. Ruwa kuwa ku ɗauki fiye da yadda ku ke zato, ku bar wa mutanen gida sunan wurin da lokacin da za su sa ido.

In kun komo, ku rubuto wa Edita sunayen itatuwan da kuka tarar a gindin dutsen da waɗanda kuka tarar a kansa, ku tambayi tsofaffin wurin waɗanne ne a da akwai yanzu babu. Ina tara irin wannan lissafi na ƙasar Karaye, daga Kusalla zuwa bakin madatsar Challawa, ina so in gwada shi da naku.

Haza wasalam.

Naku,
Akawu,
Daura ta ƙasar Karaye.